Abubuwan da ya kamata ka sani idan ƙanƙara ta toshe maka firiji

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Firiza tana daskarar da nama yadda ta saba, amma ɓangaren da ake ajiye miya da madara da zoɓo ya daina sanyi. Injin yana ta ƙugi dare da rana ba ya hutawa. Wani lokaci a riƙa jin ƙarar wani abu yana karta a ciki, wani lokaci kuma a wayi gari ruwa ya kwanta a ƙarƙashin akwatin kayan miya. Da an tambayi maƙwabci, ko an kira mai gyaran da ke sauri, hukuncin farko da ake yankewa shi ne: "Gas ne ya ƙare."

Sau da yawa ba gas ba ne. Gas ɗin firiji a cikin rufaffen bututu yake zagayawa, ba ya ƙonewa kuma ba ya raguwa sai idan bututun ya huje. Abin da ya fi jawo waɗannan alamomi a firijin zamani shi ne gazawar 'yan ƙananan sassan da aikinsu narkar da ƙanƙara ne. Sassan ba su da yawa, ba su kai aikin gas tsada ba, kuma ana iya gane wanda ya lalace idan aka bi abin daki-daki.

## Daga ina ƙanƙarar take fitowa?

Iskar ɗaki ba ta rabuwa da danshi, ko da ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ledar fiya-wata mai sanyi take jiƙewa ta waje da zarar an fito da ita: danshin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Haka yake faruwa a cikin firiji, sai dai a can sanyin ya wuce na ruwa, don haka danshin daskarewa yake yi.

Wurin da ya fi ko'ina sanyi shi ne kwayil ɗin sanyi, wato lanƙwasasshen bututun alminiyam da gas ke bi yana zuƙe zafin abinci, wanda masu gyara ke kira ibafureta. Sanyinsa yakan kai digiri 20 zuwa 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, iska mai ɗumi ta shiga, danshinta a jikin wannan kwayil yake sauka. Tukunyar miyar da aka saka da zafinta, da kwanon da ba a rufe ba, duk ƙari ne.

Da damina, musamman a Yuli da Agusta, iska tana cike da laima, sai ƙanƙara ta taru da sauri. Da hunturu iska a bushe take, taruwar takan ragu. Da azumi kuwa, yawan buɗe ƙofa da cika firiji da ruwa da kayan sha yakan sa matsalar da ta daɗe a ɓoye ta fito fili.

Illar ƙanƙarar biyu ce. Tana shiga tsakanin bututu da iska, sai kwayil ya kasa zuƙe zafi. Idan ta yi kauri kuma, takan toshe hanyar da iska ke bi gaba ɗaya.

## Firiji iri biyu ne, kowanne da nasa hukuncin

Na farko shi ne mai sanyin kai-tsaye. A nan ake samun ƙananan firiji masu ƙofa ɗaya, da firizar akwati irin ta masu sayar da ƙanƙara da kifi. Bututun sanyin a jikin bango yake, kana ganin ƙanƙara tana taruwa a fili. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, kuma mai shi ne zai narkar da ita idan kaurinta ya kai rabin santimita ko ya ɗara kaɗan. Wasu masu ƙofa ɗaya suna da ɗan maɓalli a tsakiyar abin murɗa sanyi: idan aka danna, injin ya tsaya har sai ƙanƙara ta narke, sannan ya tashi da kansa. Firizar akwati kuma tana da toshiya a ƙasa da ake cirewa ruwa ya fita.

Na biyu shi ne wanda ake rubuta wa No Frost a ƙofa. Shi kwayil ɗinsa a ɓoye yake, bayan wani murfin roba a bangon firiza, kuma fanka ce take hura sanyin ta wata kafa zuwa ɓangaren abinci. Ba ka ganin ƙanƙara a cikinsa, ba don ba ta taruwa ba, sai don yana narkar da ita da kansa sau biyu ko uku a rana. Yawancin abin da za a faɗa a nan game da wannan nau'in ne.

Akwai kuma firijin da bangon bayansa na ciki yake yin 'yan ɗigon ƙanƙara idan inji yana aiki, su narke su gangara cikin wani ɗan rami idan ya tsaya. Wannan ma lafiya lau ne. Sai idan ɗigon ya zama dunƙulalliyar ƙanƙarar da ba ta narkewa ne za a zargi robar ƙofa, ko abin daidaita sanyi da ya daina tsayar da inji, ko ƙarancin gas.

## Yadda firiji ke narkar da ƙanƙararsa da kansa

Sassa huɗu ne suke aikin tare, sai magudanar ruwa ta biyar.

Taima. Ɗan agogo ne mai ƙaramar mota a ciki. A yawancin firiji, awannin da kwamfureso, wato injin firiji, ya yi yana aiki take ƙirgawa. Idan sun cika shida, takwas, goma ko sha biyu, gwargwadon ƙirarta, sai ta ɗauke wuta daga kwamfureso da fanka ta miƙa wa hita na tsawon minti 20 zuwa 30. A firijin zamani an maye gurbinta da fanel, wato allon lantarki mai lura da yawan buɗe ƙofa da daɗewar narkarwar da ta gabata kafin ya tsayar da lokacin ta gaba.

Hita. Tana shimfiɗe a ƙarƙashin kwayil ko a jikinsa. Wata a cikin bututun gilashi take, wata sandar ƙarfe ce, wata kuma siririn bututun alminiyam da aka saƙa a jikin kwayil.

Baimetal ko sensa. Baimetal ɗan dunƙulallen abu ne mai waya biyu da ake maƙalawa a jikin bututu. Ƙarafa iri biyu ne a cikinsa, masu lanƙwashewa idan zafi ya sauya. Idan kwayil ya yi sanyi ƙasa da sifili da 'yan digirori, sai ya haɗa hanyar wuta zuwa hita. Idan ƙanƙara ta narke, ɗumi ya kai wajen digiri 10 zuwa 15, sai ya yanke. A firiji mai fanel, sensa ce take auna zafin ta kai wa fanel labari.

Fis ɗin zafi. Shi ne mai gadin ƙarshe. Idan baimetal ko sensa ta kasa kashe hita, zafi ya haura digiri 70, sai ya tsinke. Idan ya tsinke ba ya komawa, sai dai a sa sabo.

Magudana. Ruwan da ya narke yakan taru a wani ɗan kwatami, ya bi bututu ya sauka cikin farantin da ke saman kwamfureso ko gefensa a bayan firiji, zafin inji ya busar da shi.

Hita, baimetal da fis a layi ɗaya suke. Ko wanne ya yanke a cikinsu, hita ba za ta kama ba, kuma alamar da za ka gani daga waje iri ɗaya ce.

## Alamomin da ke nuna narkarwa ta tsaya

Matsalar ba ta zuwa rana ɗaya. Da farko za ka lura ruwan sha ba ya sanyi kamar da, alhali firiza tana aikinta. Dalili shi ne firiza tana dab da kwayil, shi kuwa ɓangaren abinci ya dogara ne da iskar da fanka ke turo masa ta kafar da ƙanƙara ta fara toshewa. Ka sa hannu a bakin kafar da ke hura sanyi: idan babu iska, ko ta yi rauni, ka sami alama ta farko.

Bayan kwanaki, farar ƙanƙara mai laushi za ta fara leƙowa ta ramukan murfin bangon firiza, wani lokaci murfin ma ya kumburo. Fanka takan fara kartar ƙanƙara, ƙarar ta tsaya idan ka buɗe ƙofa, domin a yawancin firiji buɗe ƙofa yana tsayar da fanka. Kwamfureso zai daina hutawa, gefunan firiji su yi zafi, wutar da yake ci ta ƙaru. Daga ƙarshe ita ma firizar sai ta saki.

Akwai akasin haka. Idan taima ta maƙale a lokacin narkarwa, fitilar ciki tana kamawa amma inji da fanka sun yi tsit, sama da ƙasa duk babu sanyi. Mutane da yawa sukan ɗauka kwamfureso ne ya ƙone, alhali ɗan agogo ne ya tsaya.

## Fasalin ƙanƙara shi ke raba gardama

Kafin a narkar da komai, a cire firiji daga soket, a kwashe kayan firiza, a kwance notunan murfin bango, a dubi kwayil da ƙanƙararsa. Idan murfin ya manne, kada a fizge shi, a jira ya saki, kuma a kula da wayar fankar da ke jikinsa. Abin da ido zai gani ya fi kowane zato.

Idan farar ƙanƙara ta lulluɓe kwayil gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, ta cike tsakanin haƙarƙarinsa, to gas yana nan cif, kwamfureso kuma lafiyarsa ƙalau. Firijin da ba shi da gas ba zai iya haɗa wannan ƙanƙarar ba. Narkarwa ce ta tsaya.

Idan ƙanƙarar dunƙule ce a kusurwa ɗaya, wajen da siririn bututu ya shigo, sauran kwayil kuma fayau babu komai, to a nan ne maganar gas ta taso: ko ya zurare, ko bututu ya toshe, ko kwamfureso ya yi rauni.

Idan ƙanƙarar a bakin ƙofa take, ko a jikin ledojin abinci da rufin firiza, iska ce take shigowa daga waje.

Idan kuma ƙanƙara ce mai tauri, garai-garai, shimfiɗe a ƙasan firiza ko a ƙarƙashin kwayil, hita tana aiki, magudana ce ta toshe.

Lafiyayyen kwayil, idan ya yi minti 20 zuwa 30 yana aiki, siririyar farar ƙanƙara ce za ta rufe shi daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe.

## Gwajin da kowa zai iya yi a gida

Wanda ba ya son kwance komai yana da hanya mai sauƙi. Ka kwashe abinci zuwa kula ko firijin maƙwabta, ka cire waya daga soket, ka bar ƙofofi a buɗe na awa 24, ka shimfiɗa tawul ko tsumma a ƙasa. Fankar ɗaki da aka juya wa firiji tana hanzarta aikin, haka ma kwanon ruwan ɗumi da aka ɗora a kan tsumma a ciki. Awa biyu ko uku ba sa isa, domin ƙanƙarar da ke cikin kafar iska a lulluɓe take da soso mai riƙe sanyi, ita ce take narkewa daga ƙarshe.

Bayan nan ka kunna. Idan firiji ya dawo garau, sama da ƙasa, sannan bayan kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu ya koma gidan jiya, babu sauran shakka: tsarin narkarwa ne ya lalace. Idan bai yi sanyi ba ko bayan an narkar da shi tas, to matsalar tana wani wuri, wataƙila fanka, ko ƙyauren kafar iska, ko gas.

Wannan gwajin ne kuma yake bayyana dalilin da wasu ke ganin kamar cikon gas ya yi aiki. Firijin da aka kai shago ya kwana biyu a kashe ya riga ya narke, don haka zai dawo gida yana sanyi ko an ɗura masa gas ko ba a ɗura ba. Bayan mako biyu kuma a sake kiran mai gyara.

## Yadda ake gwada sassan ɗaya bayan ɗaya

A nan ana bukatar mita mai auna om, da sukudireba mai marufin roba. Duk awon da za a yi da mita, a yi shi firiji yana cire daga soket, hannu a bushe, ƙafa da takalmi. Wanda bai saba da aikin lantarki ba ya tsaya a gefe ya kalla, sanin abin da ake yi ma riba ne.

Taima. Takan kasance kusa da abin murɗa sanyi, ko a baya kusa da kwamfureso. Tana da ɗan wurin murɗawa. Firiji yana kunne, kwayil da sanyinsa, a murɗa a hankali ta ɓangaren da hannun agogo ke bi har a ji ƙas, inji ya tsaya. Cikin 'yan mintuna ya kamata a ji ƙanƙara tana tsattsagewa, ruwa yana ɗiga a kan hita yana cuu. Idan hakan ta faru, hita da baimetal da fis lafiyarsu ƙalau, taimar ce ba ta juyawa da kanta. Idan kuma minti 40 ya wuce inji bai tashi ba, nan ma a zargi taima. Sai dai a yi hattara: a wasu firijin, motar taima ta cikin layin hita take samun wuta, don haka idan hita ko fis ya yanke ita ma sai ta tsaya. Kada a sayi taima kafin a auna hita.

Hita. A zare wayoyinta a auna. Hita mai wat 200 da aka ƙera don bolt 230 za ta nuna kusan om 265, kuma yawancin na firijin gida suna faɗawa tsakanin om 150 da 400. Ta firijin Amurka mai bolt 120 ta fi haka ƙasa sosai, galibi om 20 zuwa 60. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ciki ta tsinke. Ta gilashi ma ido yakan nuna: baƙin tabo, tsagewa, ko yankakkiyar waya. A kuma auna tsakanin wayar hita da ƙarfen jikin firiji. Idan akwai haɗi, hitar tana zubar da wuta, ita ce mai sa firiji jan mutum, kuma dole a canza ta.

Baimetal. Da sanyinsa ake auna shi. Idan yana cikin ƙanƙara dole ya nuna haɗi, idan ya ɗumama a tafin hannu ya yanke. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna shi bayan firiji ya narke, a ga babu haɗi, a ce ya mutu. A saka shi a wata firizar na rabin awa tukuna. Wanda ya kumbura ko ya tsage, ruwa ya shige shi, ba sai an auna ba.

Fis ɗin zafi. Ko da sanyi ko da ɗumi, haɗi ya kamata ya nuna. Idan ya tsinke, a nemi abin da ya tsinka shi, domin sabon ma zai bi sahu idan baimetal ko sensa ba ta kashe hita.

Sensa. Awonta yana hawa idan ta yi sanyi, ya sauka idan ta ɗumama. Da yawa suna nuna om 5,000 ko 10,000 a digiri 25, kuma idan aka tsoma kanta a ruwan ƙanƙara awon yakan ninka kusan sau biyu da rabi zuwa uku. Wadda awonta bai motsa ba ta lalace. Dole sabuwar ta zama irin tsohuwar, domin fanel ɗin wani kamfani ba ya fahimtar sensar wani.

Fanel. Shi ne mafi tsada, don haka shi ake zargi daga ƙarshe. Yawancin firijin LG, Samsung, Hisense da makamantansu suna da hanyar tilasta narkarwa ta danna wasu maɓallai, kuma kowane samfuri da tasa hanyar. Idan an tilasta, hita da sensa da fis duk sun ci gwaji, amma wuta ba ta isa hita ba, sai a duba wayoyi da mahaɗansu, sannan a koma kan fanel.

## Idan ruwa ne yake kwanciya a ciki

Ɓarɓashin abinci, yauƙi da ƙura sukan toshe bututun magudana, ruwa ya tsaya ya daskare, na gaba ya malalo cikin firiji. Bayan an narkar da ƙanƙarar bakin ramin, a ɗura ruwan ɗumi da babban sirinji har sai an ji yana zuba a farantin baya. Ƙaramin cokali na bekin soda a cikin ruwan yana wanke yauƙi da wari. Idan ya ƙi wucewa, a zura lallausar wayar roba a hankali. A ƙarshen bututun, ta baya, wasu firijin suna da 'yar roba mai matsattsen baki da ke manne wa kanta saboda datti. A zare ta a wanke a mayar. A duba farantin ma, domin zafin kwamfureso yakan tsaga shi, ruwa ya riƙa zuba a daɓe.

## Robar ƙofa da fanka

Ko tsarin narkarwa lafiyayye ne, ba zai iya da iskar da ke kwarara ta ɓarakar ƙofa ba. Ka maƙala takardar naira a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Idan ta zare babu turjiya, robar ba ta kamawa a wurin. Ka zagaya kusurwa huɗu da tsakiya. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu yakan dawo da wadda datti ya ƙandarar, amma wadda ta tsage sai canji. A kuma ɗaga ƙafafun gaba kaɗan yadda ƙofa za ta riƙa rufe kanta.

Fanka kuma, idan ta mutu, alamarta tana kama da ta narkarwa. Ka buɗe ƙofar firiza inji yana aiki, ka danne maɓallin bakin ƙofa da yatsa, ka saurara. Wasu firijin maganaɗisu suke amfani da shi a maimakon maɓalli. Kada kuma a cusa kaya har su rufe ramukan iska.

## Wutar Nefa, zafin bazara da firijin Beljiyam

Yawan ɗauke wuta yana da hannu a wannan matsala. Idan wuta ta tafi na awanni, ƙanƙara takan fara narkewa, kafin ruwan ya gama sauka a dawo da wuta, ya daskare ya zama mai tauri a bakin magudana, inda hita ba ta kai wa sosai. Ban da haka, wasu firijin masu fanel sukan faro ƙirga daga farko duk lokacin da wuta ta dawo, kuma sai kwamfureso ya yi kusan awa huɗu yana aiki kafin narkarwar farko. A unguwar da wuta ba ta cika awa huɗu a jere, ko gidan da ake kunna janareta awa biyu da dare, irin wannan firijin yana iya yin kwanaki hita ba ta kama ba, alhali babu abin da ya lalace. Maganinsa a riƙa kashe shi ana narkarwa da hannu lokaci-lokaci.

Hawa da saukar wuta kuma shi ne babban makashin fanel. Sitabilaiza, ko na'urar kariya mai jinkirta kunnawa, ta fi sabon fanel araha. Idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a ba kwamfureso minti biyar kafin ya tashi.

A takardar da ke manne a jikin firiji akwai harafin yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N iyakarsu digiri 32, ST digiri 38, T kuma digiri 43. Yawancin na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, don ƙasashe masu sanyi aka yi su. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, irin wannan inji ba ya samun hutu. Na Amurka kuma, ban da taransifomar rage wuta da yake bukata, taimarsa don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa aka yi ta, alhali ta Najeriya da Nijar 50 ce. Sai ta riƙa tafiya a hankali, awa takwas ta koma awa tara da rabi da 'yan mintuna.

Ƙurar hunturu ma tana lulluɓe kondensa, wato baƙin bututun da ke fitar da zafi a baya ko a ƙasa. A riƙa share ta, kuma a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin firiji da bango.

## Abubuwan da ba a yi

Kada a sa wuƙa, sukudireba ko wani abu mai tsini a ɓamɓare ƙanƙara. Bututun alminiyam ba shi da kauri, kuma garin neman gira ake rasa ido. Huda ɗaya ta isa gas ya fice, ruwa ya shiga cikin bututu, aikin da haƙurin kwana ɗaya zai gama ya koma na walda da wanke layi da sabon gas.

Akwai kuma haɗarin gobara. Tsofaffin firiji suna amfani da gas R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya. Bayansa aka koma R134a, yanzu kuma yawancin sababbi R600a ne, kuma shi yana kama wuta. A jikin kwamfureso ake rubuta irin gas ɗin. Idan aka huda irin wannan, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna risho, kada a taɓa makunnin lantarki a ɗakin. Saboda haka ne ma ba a narkar da ƙanƙara da kyandir ko garwashi. Tafasasshen ruwa da na'urar busar da gashi kuma suna lanƙwasa robar ciki.

Kada ka yarda a haɗe wayar baimetal ko ta fis kai-tsaye da sunan "a lallaɓa kafin a samo sabo". An cire wa hita birki ke nan a cikin akwatin roba da soso, kuma da dare, kowa yana barci, za ta iya kamawa da wuta.

## Abincin da ke ciki fa?

Ɓangaren abinci ya kamata ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kusan awa huɗu bayan ɗaukewar wuta, cikakkiyar firiza awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. A zafin bazara a rage wannan lissafin. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi firiza. Wanda ya saki amma da sanyinsa, a dafa ko a soya shi a ranar. Wanda ya ɗumama ya yi awanni, musamman kifi, kaza, madara da dafaffiyar shinkafa, a haƙura da shi ko da bai yi wari ba. Mai shirin ajiye naman layya ya narkar da firizarsa ya gwada ta mako guda kafin Babbar Sallah.

## Abin da za ka tambayi mai gyara

Kada ka narkar da firiji kafin mai gyara ya iso, domin ƙanƙarar ita ce shaida. Ka ce ya buɗe murfin a gabanka ku ga kwayil tare. Ka nemi ya nuna maka awon mita na sashen da ya ce ya lalace, ya sa sabo mai lamba irin ta tsohon, ya kuma ba ka tsohon a hannu. Idan ya ce gas ne, ka tambaye shi inda ya huje da yadda zai toshe, domin gas ɗin da aka ɗura ba a toshe huda ba zai sake zurarewa. Bayan gyara kuma, sai firiji ya yi mako biyu yana sanyi sama da ƙasa kafin a ce aiki ya yi. Wanda ya ga kwayil lulluɓe da ƙanƙara daga sama har ƙasa, ya ce maka gas ne ya ƙare, ka biya shi kuɗin zuwa ka nemi wani.